Motata na karkarwa idan ta tsaya a silo, an canza fulogi amma ba ta daina ba

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana mota na wannan zaure. Corolla ce ƙirar 2006, otomatik, 'yar Amurka. Idan tana kan hanya lafiya lau take tafiya. Amma da zarar na tsaya a danja, giya na kan D ƙafata na kan birki, sai ta kama karkarwa har sitiyari yana girgiza a hannuna, madubin tsakiya ma rawa yake yi. In na kunna esi abin ya fi tsanani. Da asuba kuwa ya fi muni, allurar rpm ta yi ta hawa tana sauka, sai injin ya ɗau zafi sannan ta ɗan lafa. Bakanikena ya canza fulogi huɗu, ya wanke nozul, babu abin da ya sauya. Yanzu ya ce ko dai a ƙara mata silo, wato gudun inji idan mota tana tsaye, ko in fara shirin sayen wani injin. Ni dai hankalina bai kwanta da maganar inji ba, don ba ta shan baƙin mai, ba ta hayaƙi. Don Allah a taimaka.

Direban_Zariya:
Wa alaikumus salam. Sit ɗin inji ne malam, wato robobin da injin ke zaune a kansu, kar ka wahalar da kanka. Duk motar da ke rawa a D ta daina idan ta ɗau hanya, sit ne ya mutu. Ka je Ƙofar Ruwa ka nemi na Beljiyam a saka maka.

Baffa_Rewaya:
Direban Zariya, a yi haƙuri kar a yanke hukunci tukuna. Malam Ɗan Gwammaja, amsa min tambaya uku. Idan ka mayar da giya firi ko P, karkarwar tana ɗaukewa gaba ɗaya ko raguwa kawai take yi? Fitilar cek-inji tana kunne? Sannan idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, lokacin da duk fitilun dashbod suke kawowa, ita ma tana kawowa tare da su?

Abin da ya sa na tambaya, karkarwa iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda injin lafiyarsa ƙalau, sai dai robobin da yake zaune a kansu sun mutu, girgizarsa ta yau da kullum tana shiga bodi kai tsaye. Akwai kuma wadda injin da kansa ne ba ya ƙona mai daidai. Sit ba ya sa allurar rpm hawa da sauka, kuma ba ruwansa da asuba ko azahar har ya kai yadda ka kwatanta. Wannan ɓangaren na bayaninka ne ya tsaya min a rai.

Oga_Sale_Panteka:
Maganar ƙara silo ce ta ɗaure min kai. Corolla 'yar Amurka daga 2005 zuwa 2008 totur ɗinta na lantarki ne, babu waya daga feda zuwa inji, babu kuma wani kusa da za a murɗa a ce an ƙara silo. Ƙwaƙwalwar motar ce ke riƙe silo da kanta. Ta 2003 da 2004 ita ce mai waya da bawul ɗin silo a jikin totur-bodi, kuma ko a ita ba a son a taɓa kusan nan. Idan ka bari aka fara danne-danne a wurin, za ka fito da matsala biyu maimakon ɗaya. Idan ta yi zafi, esi a kashe, giya a firi, ya kamata allura ta zauna tsakanin 650 da 750 ba ta motsi. Duba taka ka faɗa mana.

MamanIlham:
Allah sarki, irin abin da ya same ni da Honda ta kenan. Ita tawa bayan an cire batir ne ta fara, ashe bakin totur ne ya yi baƙi ƙirin da datti. Da aka wanke aka bar ta a kunne ba esi ba fitila har fanka ta tashi, aka ƙara mata 'yan mintuna a haka, shi kenan ta daidaita. Ban san ko Toyota ma haka take ba.

Oga_Sale_Panteka:
Haka ne Hajiya, kusan duk masu totur na lantarki haka suke. Datti yana taruwa a hankali, ƙwaƙwalwa tana ƙara buɗe farantin totur don iska ta isa. Da an cire batir sai ta manta abin da ta koya, ta koma buɗewar da ta dace da totur mai tsabta, sai iska ta yi kaɗan. Sai dai wajen wankewar a fesa maganin a tsumma a goge, kar a yi ta bankara farantin da ƙarfi.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai da gaske. Baffa, na gwada yanzun nan a ƙofar gida. A firi tana raguwa sosai amma ba ta ɗaukewa, na ɗora hannu a kan injin ina jin yana ɗan tsallake lokaci zuwa lokaci. Allura tana wasa tsakanin 600 da 800. Fitilar cek-inji kuma ba ta kawowa ko kaɗan, ko da na murɗa makulli. Ta batir da ta mai duk suna kawowa, ita ce kawai babu.

Baffa_Rewaya:
To ka ji. Abin da nake zargi kenan. Fitilar nan dole ta kawo idan an murɗa makulli, ta ɗauke bayan inji ya tashi. Tunda ba ta kawowa, ko ta mutu ko kuma wani ya kashe ta da gangan. Na sha buɗe mitar motocin da aka sayo hannu na biyu in tarar an manna baƙin salatif a kan fitilar daga ciki don kar mai saye ya gani. Ma'ana motarka ta yiwu ta daɗe tana kuka ba ka ji ba. Kafin ka ƙara kashe ko kwabo, kai ta a saka mata kwamfuta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket ɗin na OBD2, a taka yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Ka rubuto lambobin da suka fito da hannunka, kuma kar ka bari a goge su kafin ka rubuta. Wasu da sun jona sai su danna gogewa su ce an gyara.

Tsohon_504:
Yaran zamani komai kwamfuta. Mu da muka tashi da Fijo 504 da kafireto, kunne da hannu muke sa wa inji mu gane ciwonsa. A bar motar a kunne, a zare soket ɗin kwayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare injin ya ƙara rikicewa, wannan silindar tana aiki. Wanda ka zare ba abin da ya canza, nan matsalar take. Ba a biyan ko sisi a kan wannan.

Injiniya_Bichi:
Baba, Allah ya ƙara girma, gwajin nan naku yana nan da amfaninsa har gobe, ni ma ina yi. Gyara ɗaya kawai zan yi: a irin waɗannan motocin gara a zare soket ɗin nozul maimakon na kwayil. Idan ka kashe wuta ka bar nozul yana feshi, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa ya je ya ƙone a cikin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma zafin nan ne ke narkar da ita. Sannan gwajin yana kama silinda ɗaya da ta mutu ne. Idan duk huɗun ne ke fama da ƙarancin mai kaɗan-kaɗan, kowane ka zare za ka ji canji, sai ka ce lafiya lau, alhali ba lafiya ba.

Tsohon_504:
Na karɓi wannan, ɗana. A zamaninmu babu indomi a salansa.

Yaron_Gareji:
Oga ni dai ina tambaya, wane irin fulogi aka saka? Don kasuwa ta cika da jabu. Kwali na Denso, rubutu na Denso, amma a ciki ba iridiyom ba ne. Na wannan injin SK16R11 ne, gibinsa milimita 1.1. Na asali tsinin tsakiyarsa siriri ne sosai. Idan an sayar maka da arha har ka yi mamaki, to ka sake dubawa. Mun sha ganin mota ta zo da misin, wato tsallaken wuta, a silinda ɗaya, a saka mata sababbin fulogi ta koma misin a biyu.

Ɗan_Maradi:
Sannunku da hira. Nan wajenmu abin da ya fi kawo wannan shi ne mai. Wanda ke shan esansi (fetur) na kwalba a bakin hanya, wata rana sai ya haɗu da wanda aka gauraya ko mai ruwa a ciki. Mota ta yi ta rawa a ralanti (silo), a canza buji (fulogi), a canza bobin (kwayil), ba a gane komai ba sai an sauke tanki. Ɗan Gwammaja, ina kake shan mai?

Direban_Zariya:
Ai ba na bumburutu kaɗai ba. Wa ya manta Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima? A gidajen mai aka sha shi, motoci da yawa suka kwanta, ga layin mai da ya biyo baya. Amma dai ina nan a kan bakata, wannan sit ne.

Ummu_Sadiq:
Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma mutane suka koma zuba lita biyar, lita uku, kullum tanki a ƙasa. An ce hakan yana kashe famfon mai, gaskiya ne?

Injiniya_Bichi:
Akwai gaskiya a ciki Hajiya, domin famfon a cikin tanki yake kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Amma famfo mai rauni ya fi nuna kansa lokacin da ake buƙatar mai da yawa, wato a hawan gada ko wajen wuce wata motar. A silo mai kaɗan inji ke sha. Motar Ɗan Gwammaja akasin haka take, a gudu lafiya, a tsaye ciwo. Shi ya sa ban karkata ga famfo ko gurɓataccen mai ba.

Ɗan_Gwammaja:
Ɗan Maradi, a gidan mai nake sha, kuma na canza gidaje daban-daban abin bai sauya ba. Na dawo daga wajen mai kwamfuta. Lambobi biyu suka fito, P0171 da P0300. An buɗe mita kuma, Baffa maganarka ta tabbata, salatif ne a kan fitilar. Allah ya isa kawai zan ce. Mai kwamfutar ya ce sensar oksijin ce, in sayo sabuwa.

Injiniya_Bichi:
Dakata, kar ka saya tukuna. Bari in yi bayani da ɗan tsawo, don wannan kuskuren yana cin kuɗin mutane da yawa.

P0171 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, kuma ƙwaƙwalwa ta ƙara mai har ta kai iyakarta abin bai daidaita ba. Sensar ita ce ta kawo rahoton. P0300 kuma tana nufin misin ɗin ba a silinda ɗaya yake ba, yawo yake yi. Da kwayil ɗaya ne ya mutu, da P0301 ko P0302 ko P0303 ko P0304 za ka gani, lambar ƙarshe ita ce silindar. A irin wannan sai a musanya kwayil ɗin da na maƙwabciyarta, idan lambar ta bi shi an kama ɓarawo. Kai ba wannan ne naka ba.

Ga yadda abin yake. Duk iskar da za ta shiga inji sai ta bi ta kan na'urar auna iska da ke bayan filta, ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan man da za a fesa. Idan akwai wata kafa bayan na'urar, tiyo ya tsage ko gasket ya saki, iska za ta shiga ba a ƙirga ta ba. A silo farantin totur kusan a rufe yake, inji yana zuƙa da ƙarfi, iskar da ke bi ta hanya kaɗan ce, don haka 'yar wannan ta ɓarauniyar hanya sai ta yi tasiri sosai. Da ka taka totur iska mai yawa ta shigo, sai ta ɓace a ciki. Dalilin da ya sa motarka ke lafiya a kan titi kenan.

Kuma wannan injin, 1ZZ-FE, an san shi da wannan ciwon. Manifol ɗinsa na roba ne, gasket ɗin da ke tsakaninsa da kan inji yana bushewa ya lafe idan ya tsufa. Da sanyi yana ƙanƙancewa iska ta samu hanya, idan inji ya yi zafi ya ɗan kumbura ya toshe. Ka ga asubar da kake faɗa. Toyota ma sun canza shi daga baya, sabon ruwan lemo ne, tsohon baƙi.

Don ka tabbatar kafin a kwance komai, koma wajen mai kwamfuta ya buɗe maka inda ake ganin ƙarin man da ƙwaƙwalwa ke yi, LTFT da STFT. Idan jimillarsu ta haura 10 cikin ɗari sosai a silo, sannan aka riƙe totur a 2500 ta sauko kusa da sifili, iska ce ke shiga ta wani wuri. Idan kuma a 2500 ta ƙara hawa, to a koma kan na'urar auna iska ko famfon mai.

Oga_Sale_Panteka:
Injiniya ya gama magana. In ƙara da namu na gareji: da safe inji da sanyi, a tayar, a riƙa fesa maganin wanke kafireto kaɗan-kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan inji. Inda ka fesa sautin injin ya canza, nan ne. Amma don Allah a yi hattara, abin nan yana kamawa da wuta. Ba a yi a inji mai zafi, ba a fesawa kusa da kwayil ko salansa, kuma abin kashe gobara ya kasance a kusa. A duba babban tiyon da ya taso daga filta ma, a lanƙwasa shi a leƙa cikin ninkin ta ƙasa, a nan yake tsagewa inda ido ba ya gani. Da ƙaramin tiyon PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, da wanda ke zuwa tukunyar birki.

Sani_Hotoro:
Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa. Bakanikena ya cire min tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin Kano. Tun lokacin motar ke shan mai, silo ma ya ƙi zama. Akwai alaƙa?

Baffa_Rewaya:
Akwai ƙwarai. Wannan al'adar ta cire tamostat tana ba ni takaici wallahi. An ƙera injin ne ya yi aiki da zafinsa, na Corolla tamostat ɗinsa a wajen digiri 82 yake fara buɗewa. In ka cire, musamman da hunturu ko a doguwar hanya, ruwa ba ya kai zafin da ake so, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. Fulogi su yi baƙi, silo ya lalace, aljihu ya sha wahala. Motocin nan suna yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu. Idan mota tana zafi, a duba lagireto da murfinsa da famfon ruwa da fanka.

Direban_Zariya:
Nan kam ban yarda ba Baffa. Mu da ke lodin Zariya zuwa Kano a watan Afrilu mun san abin da muke gani. Tamostat ya maƙale maka a hanya, gasket ɗin kai ya ƙone, wa zai biya?

Baffa_Rewaya:
Wanda ya tsufa ne ke maƙalewa, sai a saka sabo mai kyau. Amma mu bar wannan, a buɗe masa zare daban, kar maganar Ɗan Gwammaja ta ɓace.

Hajiya_Tarauni:
Ni abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne saurin cewa a sayi inji. Mota ba ta hayaƙi, ba ta shan baƙin mai, tana da ƙarfi a hanya, a ce a sauke inji? Ba kowa ke da mai ba shi shawara irin ta zauren nan ba. Mata da yawa haka ake yi mana, mu biya don ba mu san me za mu tambaya ba.

Injiniya_Bichi:
Gaskiya ne Hajiya. Duk wanda aka ce wa injinsa ya mutu, ya ce a auna masa kwamfireshan a gabansa. Fulogi ake cirewa a ɗaura geji, aikin ba ya cin lokaci. A wannan injin lafiyayye yana ba da wajen 189 psi, mafi ƙaranci 145, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kar ya wuce 15. Idan lambobin sun yi kyau, babu hujjar sauke inji.

Yaron_Gareji:
Kar a manta da ƙurar hunturu kuma. Na'urar auna iskar nan wasu siraran wayoyi ne a cikinta, ƙura tana lulluɓe su ta riƙa ƙirga iska ƙasa da yadda take, ita ma tana kawo P0171. Akwai maganin feshinta na musamman. Ba a wanke ta da fetur, ba a sa mata tsinke ko burushi. Filta kuma idan ta mutu a canza, busawa da iskar falkanaiza huda ta yake yi.

Ɗan_Gwammaja:
Alhamdu lillahi, ga inda aka kwana. Na samu wani bakaniken, na karanta masa bayanin Injiniya da na Oga Sale. Mun bar motar ta kwana a garejin, da safe ya fesa maganin. Yana zuwa wajen silinda ta ɗaya sai injin ya canza murya nan take. Da aka kwance manifol na riƙe tsohon gasket ɗin a hannuna, ya lafe ya yi tauri, da na lanƙwasa shi sai ya tsage. An saka mai ruwan lemon, an goge totur-bodi, an cire salatif ɗin fitila. Yau da asuba ta tashi sumul, allura ta hau sama da 1000 ta sauko a hankali ta zauna a 700. Tsallaken nan ya tafi. Sai dai har yanzu idan ina D da esi a kunne ina jin girgiza a sitiyari da kujera, ba kamar da ba amma tana nan.

Direban_Zariya:
To me na ce tun farko? Sit!

Oga_Sale_Panteka:
Yanzu kam maganarka ta samu wuri, Direba. Sit gammo ne tsakanin inji da bodi, idan ya lafe dole kai ya ji nauyin kaya. Ɗan Gwammaja, huɗu ne a motarka. Fara da na gefen dama, wajen fambel, shi ne mai ruwa a ciki. Leƙa ƙarƙashinsa, idan ka ga alamar baƙin ruwa ya zubo ya bushe, ya fashe. Sannan a buɗe bonet, a ja hambirki, ka danne birki sosai, ka sa D ka ɗan taɓa totur, ka sa ribas ka sake. Wani ya tsaya a gefe yana kallo, a gefe na ce, ba a gaban mota ba. Idan injin yana ɗagawa da yawa ko yana bugawa, na gaba ko na baya ya yanke. Kuma kar ka yarda a cusa maka robar taya a cikin tsohon. Tauri gare ta, girgizar ƙaruwa za ta yi.

Injiniya_Bichi:
Kafin a sayi sit, a kalli allura lokacin da esi ya kama. Idan ta ɗan nutse ta dawo wajenta, injin yana yin aikinsa, sauran na sit ne. Idan kuwa ta faɗi ƙasa da 600 ta zauna a can, to ko ƙwaƙwalwa ba ta gama koyon sabon silo ba bayan wankin totur, ko kwamfiresan esi ya yi nauyi, ko altaneta tana jan inji. A ba ta 'yan kwanaki ana hawa, sannan a sake duba LTFT a ga ko ya sauko.

Ɗan_Maradi:
Ni ma tawa haka take yi da kilim (esi) a kunne, amma Fijo 406 ce. Injiniya, gwajin allurar nan zai yi a Fijo, ko nata daban ne?

Injiniya_Bichi:
Zai yi. Sai dai faɗa min shekararta da irin injin, don wasu 406 ɗin suna da ƙaramar motar silo a jikin totur-bodi, kuma ita ce ke fara yin datti.

Ɗan_Gwammaja:
Na duba yanzu a danjar Kabuga. Da esi ya kama tana sauka wajen 650 ta dawo. Na leƙa sit ɗin dama kuma, akwai wani baƙin tabo a ƙarfen da ke ƙasansa, amma ban tabbata ko ruwansa ne ko baƙin mai ne ya ɗiga lokacin juye ba. Zan goge wurin in ga ko zai dawo. Oga Sale, idan ya tabbata shi ne, na Beljiyam ya fi ko sabo na kwali?